Sharhi kan sabuwar unguwarmu a arewacin Jidda: filaye uku aka ware wa lambu, ɗaya ne ya rayu

Wata 26 ke nan da tarewarmu a wata sabuwar unguwa da ke arewacin Jidda, can gaba da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, kuma tun daga lokacin da wuya mako ya wuce ba a kira ni ko maigidana ana tambayar yadda muka samu wurin ba. Yawancin masu tambayar 'yan'uwa ne da tsofaffin maƙwabta waɗanda rusau ya warwatsa, suna zaman haya, suna tara abin da za su mallaki muhalli. Tambayoyinsu ba sa wuce ingancin gini da yawan ɗakuna da kuɗin wata, ni kuwa abin da na fi so in faɗa musu shi ne labarin filayen da kamfanin ya ware domin lambun shaƙatawa, wanda a nan kowa ke kira hadiƙa, domin a kansu ne na ga ƙoƙarin kamfanin, a kansu ne kuma na ga gazawarsa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ko na unguwar ba, tunda akwai ƙorafin da muka shigar wanda har yanzu ba a kammala ba.

Ni haifaffiyar Katsina ce, aure ne ya kawo ni Jidda. Maigidana a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin hajji ta Sudan ya zauna. Gidan gadonsu yana unguwar Sabil, wadda ke cikin unguwanni fiye da 60 da aka sanya a shirin rushewa da ya fara a ƙarshen 2021 ya ci gaba a 2022, tare da su Gulail da Karantina da Kandara. A Sabil babu hadiƙa kusa da mu, amma ba mu taɓa jin rashinta ba, saboda lungunan suna da ƙunci, gini yana yi wa gini inuwa, kuma surukata, wadda muke kira Inna, takan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, duk mai wucewa sai ya tsaya sun gaisa. Sabuwar unguwa ba ta da wannan. Titunanta faɗaɗɗu ne, kowane gida da katangarsa da ƙofar motarsa, mutum ya fita a mota ya dawo a mota, ana iya shekara ba a san muryar maƙwabci ba. Idan ba a tanadi wurin da ƙafa za ta kai mutum ya zauna ya ga ɗan'uwansa ba, to gidaje kawai aka jera.

Game da gidan kansa ba ni da dogon bayani. Mun saya tun yana kan zane, da tallafin Sakani, shirin gwamnatin Saudiyya na taimaka wa 'yan ƙasa su mallaki gida, a ƙarƙashin tsarin Wafi wanda ke sa kuɗin masu saye su shiga asusun amana na aikin maimakon hannun kamfani kai tsaye. An miƙa mana mabuɗi da jinkirin wata biyar. Ginin yana da kyau, bangon yana tare zafi, famfo biyu da suka yi yoyo a watan farko an zo an gyara ba tare da jayayya ba. A wannan ɓangaren na gamsu.

Ranar da muka fara zuwa ofishin sayarwa, an kai mu gaban wani babban samfurin unguwar da aka rufe da gilashi, da ƙananan gidaje da fitilu, da wurare uku da aka shafa wa kore aka dasa musu bishiyoyin roba. Ma'aikacin ya nuna su da sanda ya ce kowane gida zai samu hadiƙa kusa da shi. Wani abokin maigidana da ke aikin awon filaye ne ya ja kunnenmu cewa samfurin gilashi ba hujja ba ne, mu nemi a nuna mana taswirar da hukuma ta amince da ita, wadda suke kira mukaɗɗaɗ. Shi ne kuma ya fahimtar da mu cewa ware fili ba kyauta ba ce daga kamfani, domin ƙa'idar tsara filaye a Saudiyya ta ba hukuma damar cire har kashi 33 cikin 100 na babban fili ba tare da biyan diyya ba, saboda tituna da wuraren ajiye motoci da lambuna da makamantansu. Matsalar ita ce tituna ne ke cinye mafi yawan wannan kaso, abin da ya rage wa lambu kuma ya danganta da yadda mai zane ya yanka filin. Yana iya ba lambu tsakiyar unguwa, yana kuma iya tattara guntattakin da ba za su sayu a matsayin fuloti ba ya rubuta musu sunan hadiƙa. Mun nemi taswirar, an nuna mana, mun ga filayen uku a rubuce da lambobinsu, hankalinmu ya kwanta. Abin da ban yi ba, wanda yanzu nake roƙon kowa ya yi, shi ne in tambayi ranar da za a gama kowannensu, da wanda zai riƙa ba su ruwa bayan an sayar da gida na ƙarshe.

Bari in fara da wanda ya rayu, domin ya cancanci yabo na gaskiya. Babbar hadiƙar tana tsakiyar unguwa, jikin masallacin Juma'a, kuma wannan shi ne abu mafi hikima da masu zanen suka yi. Titunan da suka kewaye ta ƙanana ne, an sa musu tudun rage gudu, ta yadda ɗana mai shekara tara yakan je shi kaɗai ina hango shi daga tagar sama. Daga ƙofarmu tafiyar minti huɗu ce a ƙafata, minti goma a ƙafar Inna da sandarta. An kewaye filin da hanyar tafiya, mamsha, wadda aka shimfiɗa wa jan roba mai laushi, kuma babu matakala ko ɗaya daga titi har ciki, don haka keken guragu da keken jarirai suna shiga ba tare da an ɗaga su ba. Wanda bai taɓa tura tsohuwa ko goyon jariri a titunan da aka yi domin mota ba, ba zai san darajar wannan ƙaramin abu ba.

Bishiyoyin da aka dasa iri uku ne: dabino a bakin ƙofofi, sai darbejiya da kurna a ciki. Dabinon ado ne kawai, inuwarsa ba ta isa mutum biyu ba, kuma na so a ce kuɗin da aka kashe a kansa an ƙara yawan sauran da shi. Darbejiyar kuwa ta karɓi ƙasar sosai. Da muka tare, tsawonsu bai wuce na mutum ba, an ɗaure su da sanduna. Yanzu na layin yamma sun fara haɗa kai, har ana iya shimfiɗa a ƙarƙashinsu da ƙarfe biyar na yamma a watan Oktoba. Kowace bishiya tana da baƙin siririn tiyo da ya zagaye gindinta yana ɗiga ruwa da asuba, kuma akwai allon da ke gargaɗin cewa ruwan ban-ruwan wanda aka tace ne daga ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, ba na sha ba. Wannan ya dace da garin da ruwan famfonsa daga teku ake tace shi da tsada, a tashoshi irin na Shu'aiba.

Ranar farko da muka kai Inna, ta yi wata uku ba ta fita ba sai asibiti, kuma tun barinmu Sabil maganarta ta ragu. Ta tsaya a gindin wata ƙaramar darbejiya, ta tsinki ganye ɗaya, ta murza shi a tsakanin yatsunta ta shinshina, ta ce irinta ce aka cika filin Arfa da ita, a inuwarta ta yi tsayuwar hajjinta na ƙarshe. Muna nan sai wata dattijuwa da ke zaune a kan darduma da tarmus ɗin shayi ta ji Hausarmu, ta ɗago ta ce, "Sannunku da zuwa, Hajiya. Daga wace unguwa aka taso ku?" Inna ta ce Sabil. Dattijuwar ta ce su daga Gulail. Kafin a kira magariba sun gano cewa mazajensu, Allah ya ji ƙansu, sun yi sana'a a kasuwa ɗaya. Gidan wannan baiwar Allah yana layi na uku daga namu, kuma da babu wannan filin, ina da yaƙinin za su iya ƙare rayuwarsu ba su haɗu ba. Yanzu su shida ne, akwai 'yar Yaman ɗaya da 'yar Sudan ɗaya a cikinsu, suna da kusurwarsu da kowa ya sani, kuma Inna ce ke tuna mini lokaci idan na makara.

Amfani da wurin yana bin yanayi. Daga Nuwamba zuwa Maris yakan cika tun bayan la'asar. Da zafi ya shigo, musamman watannin da ake hana ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, wato tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, ba a ganin kowa sai bayan isha'i, sannan a zauna har tsakar dare. A watan azumi kuwa bayan tarawihi ne yake zama kamar dandalin gari, samari suna ƙwallo a gefe guda, mata suna zagaye mamsha biyu biyu, maza suna hira a jikin bangon masallaci. Fitilun suna da haske sosai a kan hanyar tafiya da wurin wasan yara, abin da ya sa mata ke sakin jiki.

Akwai wani amfani da ban lura da shi ba sai da aka yi ruwan sama mai ƙarfi a sanyin bara. An gina tsakiyar hadiƙar ƙasa da titi kaɗan, ruwan layukan da ke kewaye ya gangara cikinta ya taru, kafin washegari da yamma ƙasa ta shanye. Duk wanda yake Jidda ranar 25 ga Nuwamba 2009, lokacin da ambaliya ta kashe mutane fiye da 100, ko ranar 24 ga Nuwamba 2022 da aka auna ruwa kimanin milimita 179 cikin sa'o'i shida a kudancin birnin, ya san abin da ake nufi idan aka ce ruwa ya samu inda zai tafi. Unguwar da aka shafe ta kaf da kwalta da siminti ba ta da wannan mafita.

Duk da haka, babbar hadiƙar tana da aibobinta, kuma wasu daga ciki ba su kamata a samu a wurin da aka kashe wa kuɗi haka ba. Babu bayan gida. Maza suna amfani da na masallaci, amma ɓangaren mata a rufe yake idan ba lokacin salla ba, don haka uwa mai ƙananan yara ko tsohuwa mai ciwon suga dole ta katse zamanta ta koma gida. Babu famfon ruwan sha. Kujerun ƙarfe ne, an kafa yawancinsu a inda babu inuwa, suna riƙe zafi har bayan faɗuwar rana. Rumfar da aka yi wa wurin wasan yara ta rufe lilo amma ta bar abin zamiya a fili, kuma a watan Mayun farko 'yata ƙarama ta hau shi da la'asar ta sauko tana kuka, bayan cinyoyinta sun yi ja. Filin ƙwallon kuma ciyawar roba ce, wadda da rana ba a iya taka ta ko da takalmi mai siririn ƙasa. Duk waɗannan gyara ne na kuɗi kaɗan, kuma da an tambayi uwa ɗaya kafin a kafa su, da ba a yi kuskuren ba.

Fili na biyu shi ne ya fara sa ni shakkar niyyar masu zanen. A takarda hadiƙa ce cikakkiya mai lamba. A ƙasa kuwa wani dogon siririn yanki ne a bakin unguwa ta yamma, tsakanin katangar gidaje na ƙarshe da babban titin da manyan motoci ke bi, faɗinsa bai fi a jera motoci uku ba. An dasa masa ciyawa, an jera shingen wannan itacen da ake kira bazromiya, wanda kowa a nan ya san saiwarsa tana bin bututun ruwa tana fasawa, an kuma ajiye kujeru huɗu suna fuskantar titi. Ban taɓa ganin iyali sun zauna a wurin ba, kuma ba zan bar ɗana ya buga ƙwallo a inda ƙwallon za ta faɗa gaban tirela ba. Na yarda yana rage ƙura da ƙarar titi ga gidajen da ke bayansa, wannan amfani ne, amma ba shi aka nuna mana a ƙarƙashin gilashi ba. An cika lissafin kaso da shi, mutanen yammacin unguwa kuma sun rasa wurin zama.

Fili na uku shi ne babban ƙorafina. Yana gabashin unguwa, girmansa ya kusa na babbar hadiƙar, kuma wurinsa mai kyau ne, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Har yau da nake rubutu ƙasa ce tsirara. An kafa allo mai hoton bishiyoyi da yara tun kafin mu tare, rana ta cinye launinsa. Masu gyaran gidaje suna zubar da ɓaraguzan siminti da fasassun tayil a kusurwarsa, masu motocin ɗaukar kaya sun mayar da shi wurin kwanan motocinsu, kuma idan iska ta taso ƙurarsa ce ke shiga gidajen mutane. Ƙanwar maigidana ta sayi gidanta a wannan layin musamman saboda an ce mata yana kallon hadiƙa, kuma an ƙara mata kuɗi a kan haka. Ɗanta mai asma ne. Daga gidanta zuwa babbar hadiƙa sai an tsallaka titin da ya raba unguwar biyu, mai hannu biyu, don haka yaranta ba sa zuwa sai da babba.

Sau huɗu muka je ofishin kamfanin a kan wannan filin. A karo na farko an ce yana cikin kashi na biyu na aikin. A na biyu an ce ana jiran a ja masa layin ruwa. A na uku da na huɗu an ce kamfanin ya riga ya miƙa shi ga hukumar da abin ya shafa, ba ya hannunsu, amma da muka nemi a nuna mana takardar miƙawar sai aka ce wanda ke riƙe da fayil ɗin yana hutu. Ma'aikatan suna da ladabi, suna ba da wurin zama da gahawa, ba su taɓa ɗaga mana murya ba, sai dai ba mu taɓa fitowa da rana ko takarda ba. Abin da ya ɗan kwantar mana da hankali shi ne bayanin mai awon filaye cewa filin da aka rubuta hadiƙa a taswirar da aka amince da ita ya zama na jama'a, kamfani ba shi da ikon yanka shi ya sayar. To amma yaron da yake da shekara biyar lokacin da aka yi alkawarin yanzu yana neman takwas, kuma shekarun wasansa ba za su jira fayil ba.

Batun wanda ke da alhakin kulawa ya taɓa babbar hadiƙar ma. A bazarar da ta wuce injin da ke tura ruwan ban-ruwa ya lalace a tsakiyar Yuli, aka yi kusan mako uku ba a gyara ba, domin kwangilar masu kula da lambun ta ƙare kuma kamfanin bai sabunta ba. Ganyen kurna ya jure, amma ƙananan darbejiyoyin layin gabas sun fara zubar da nasu. Mazauna unguwa ne suka yi karo-karo ta zauren WhatsApp, aka riƙa kiran motar ruwa, wadda a nan ake kira wayit, duk bayan kwana biyu, samari suna jan tiyo daga bishiya zuwa bishiya bayan isha'i. Inna da ƙawayenta ma sun sa nasu kuɗin. Duk da haka bishiyoyi 11 sun bushe, na ƙirga su da kaina, kuma bakwai kawai aka maye. A ƙasa irin wannan, bishiyar da ta shekara biyu tana girma mako biyu na rashin ruwa ya isa ya kashe ta, don haka kamfanin da ya dasa bai tsara wanda zai shayar ba, rabin aiki ya yi.

Na san ƙasar ta ɗauki batun kore da muhimmanci. A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da shirin mayar da Riyad kore, da burin dasa bishiyoyi miliyan 7.5 da ɗaga rabon kowane mazaunin birnin daga murabba'in mita 1.7 na koren fili zuwa 28, tare da lambun Sarki Salman da ake ginawa a tsohon sansanin jiragen sama. A nan Jidda ma muna da gaɓar teku da aka gyara da lambun Yarima Majid, kuma mukan kai yara can a ƙarshen mako, suna jin daɗinsu ƙwarai. Amma waɗannan wurare ne na mota da shiri da neman wurin ajiye ta, ana zuwa sau ɗaya ko biyu a wata. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da yaron da ya dawo daga makaranta suna bukatar wurin da za su je kullum da ƙafarsu, kuma wannan wurin ana samunsa ne ko a rasa shi a ranar da ake yanka filin unguwa, domin da zarar an gina gidaje babu sauran inda za a samo shi. Tunda ana son kashi 70 cikin 100 na iyalan ƙasar su mallaki gidajensu kafin 2030, sababbin unguwanni irin tamu za su ci gaba da fitowa a gefen kowane birni, kuma yawancin masu sayensu daga hoto za su saya kamar yadda muka yi.

Ga 'yan'uwan da ke tambayata ko su saya a nan, amsata ta danganta da layin. Gidajen da ke kewaye da babbar hadiƙa da layuka uku ko huɗu na kusa da ita ina ba da shawararsu da zuciya ɗaya, musamman ga mai tsoho a gida ko ƙananan yara, ko da kuɗinsu ya ɗan fi. Na yamma gidaje ne masu kyau, amma mai saye ya sani cewa abin da aka rubuta hadiƙa a bayansa shinge ne. Na gabas kuwa ba zan ce wa kowa ya biya ƙarin ko riyal ɗaya saboda kallon lambu ba, sai ya ga an kwashe ɓaraguzai an ja layin ruwa, ko kuma an rubuta masa ranar kammalawa da sunan mai kulawa a cikin kwangilarsa. Ya je wurin da kansa sau biyu, da azahar ya ga inda inuwa take, da bayan isha'i ya ga ko akwai mata da yara a ciki. Takardar ƙorafinmu a kan fili na uku tana ɗauke da sa hannun gidaje 84, kuma kamfanin ya ba mu ranar zama da shugaban aikin bayan babbar salla.